Kaskon wuta a ɗaki lokacin hunturu

Daga Disamba zuwa Janairu, idan sanyi ya kankama a Kano, Jos ko Damagaram, gidaje da yawa kan shigar da kaskon wuta ɗaki, a ja ƙofa, a toshe taga da tsumma saboda ƙura. An ɗauka in gawayi ya ruru ya yi jajir, hayaƙi ya ɗauke, to shi ke nan. Ba haka ba ne.

Garwashin da ba ya hayaƙi yana ci gaba da fitar da iskar kabon monoksaid, iska mai guba wadda ba ta da wari, ba ta da launi. Yawanta na ƙaruwa idan wuta ba ta samun isasshen oksijin, kamar a rufaffen ɗaki. Jini kuwa ya fi kama ta a kan oksijin fiye da sau 200. Tana farawa da ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, har a ce zazzaɓin cizon sauro ne. Bambancin shi ne babu zafin jiki, 'yan ɗaki ɗaya suna kuka da abu ɗaya a lokaci guda, kuma ana jin sauƙi da an fita waje. Wanda barci ya ɗauka ba ya jin ko ɗaya daga ciki, shi ya sa aka fi rasa rai da dare. Jarirai, masu juna biyu da masu ciwon zuciya su suka fi saurin galabaita.

A rura wutar a tsakar gida. In an shigo da ita, a bar taga a buɗe, a ajiye kaskon a kan dandamalin siminti ko bulo, tazarar mita 1 daga katifa, labule da gidan sauro. Kafin a kwanta a fitar da shi gaba ɗaya. Rufe garwashi da toka ba kashe shi ba ne, rage masa iska ne kawai. Idan an tarar da wani a galabaice, a buɗe ko'ina, a fito da shi sarari, a garzaya asibiti don a sa masa oksijin. Ɗura madara ko manja ba ya fitar da gubar, kuma wanda ya suma zai iya shaƙewa.

Sai batun kunkunniyar da ke baƙanta silin da azara. Shaida ce cewa itacen bai ƙone sosai ba, kuma abin da ya manne a sama irinsa ake shaƙa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya a 2020. Babban mai laifi wajen kunkunniya ɗanyen itace ne: kusan rabin nauyinsa ruwa ne, wutar kuwa sai ta ƙafar da ruwan kafin ta ba da ɗumi. Busasshe ba ya da nauyi, bakinsa ya tsattsage, in an buga biyu suna ƙara. Wanda ke tsiyayar kumfa a wuta, a mayar da shi rana. Leda, roba da katako mai fenti kada su shiga murhu, fetur kuwa ba abin kunna wuta ba ne.

Masu murhun ƙarfe mai bututu, bututun ya zarce rufi da kimanin santimita 90, ya miƙe ba kwana-kwana, kada ya taɓa katako. A leƙa cikinsa da tocila. In baƙin da ke kama da kwalta ya kai kaurin milimita 3, a kankare shi da burushin waya, don shi kansa yana kamawa da wuta.

Toka kuma a kwashe ta a bokitin ƙarfe mai murfi, a ajiye waje nesa da danga da rumbu, domin rushi yakan yi kwanaki da wuta a cikinsa.