Abin da ƙirgar jifa ta koya mini a gasar ƙarshen kaka

A jami'o'in Amurka kakar besbol, wasan da mai jifa ke jefa ƙwallo abokin karawa ya buge ta da sanda, tana farawa a tsakiyar Fabrairu. Ƙungiya kan buga wasanni har 56, sannan a ƙarshen Mayu kusan kowane rukunin jami'o'i ya tara ƙungiyoyinsa a fili ɗaya su kara na 'yan kwanaki. Wadda ta ɗauki kofi ta samu gurbi kai tsaye a gasar ƙasa mai ƙungiyoyi 64 ta NCAA, hukumar wasannin jami'o'in ƙasar, inda takwas na ƙarshe ke haɗuwa a Omaha ta jihar Nebraska. Lokacin da nake karatu a can na samu aikin ɗalibai a ƙungiyar makarantarmu. Nakan zauna a rumfar 'yan wasa da takarda da biro, ina ƙirga jifan da kowane mai jifa ya yi.

Duk tsarin kakar a kan hannun mai jifa aka gina shi. Gwani kan fito sau ɗaya a mako, ya yi jifa wajen ɗari, sannan ya huta. Shi ya sa ake buga wasa uku a ƙarshen mako, Juma'a da Asabar da Lahadi, kowace rana da mai jifanta. Gasar ƙarshen kaka kuwa tana rushe wannan lissafi. Ƙungiyar da ta sha kaye a ranar farko, a tsarin da sai an ci ka sau biyu za ka fita, tana iya buga wasa biyar ko shida cikin kwana huɗu, wata rana ma wasa biyu a jere idan ruwan sama ya ɓata jadawali. Ba ƙungiyar da ke da hannaye masu isar wannan.

Abin da na fara fahimta shi ne kofin nan ba nauyinsa ɗaya ba a wurin kowa. Dubi rukunin SEC na manyan jami'o'in kudu maso gabashin Amurka, wanda ke yin gasarsa a garin Hoover na jihar Alabama tun 1998. Manyan ƙungiyoyinsa sun riga sun san za a gayyace su gasar ƙasa ko sun ci ko ba su ci ba, don haka koci kan ɓoye gwanayensa. A 2021 ƙungiyar jami'ar Mississippi State ta sha kaye sau biyu a Hoover, kaye mai muni kuwa, ta tattara ta koma gida, amma ita ta ɗauki kofin ƙasa a Omaha. A 2022 aka fitar da ƙungiyar jami'ar Ole Miss a wasan farko a Hoover, wanda shi sili ɗaya ƙwale ne, ta shiga gasar ƙasa da kyar, ita ma ta zama zakara. Vanderbilt kuwa ta ci kofin Hoover a 2025, aka ɗora ta a matsayi na ɗaya a ƙasa, ta faɗi a zagayen farko na gasar ƙasa a filinta. Ba cewa nake cin kofin yana jawo tsiya ba, domin Tennessee ta haɗa biyun a 2024. Amma babba yana da zaɓi.

Mu ba mu da shi. Rukuninmu ƙarami ne, gurbi ɗaya tak ake ba shi, kuma na wanda ya ci gasar ne. Duk wahalar wata uku a kan kwana huɗun nan take rataye.

A nan takardata ta zama abin tsoro. Akwai wani yaro ɗan ajin ƙarshe da ya yi jifa fiye da ɗari ranar Laraba. Ranar Asabar, muna bayan abokan karawa da ci ɗaya, na gan shi ya tashi daga benci ya nufi wurin ɗumama jiki ba tare da an kira shi ba. Ƙanƙarar da aka ɗaura masa a gwiwar hannu da safe ba ta daɗe da sauka ba. Koci ya juyo ya tambaye ni nawa ya jefa ranar Laraba. Ya san amsar, kowa ya sani, amma yana son ya ji ta da baki. Na faɗa masa adadin yadda yake a rubuce, ban rage ko ɗaya ba, alhali rumfar gaba ɗaya tana kallona kamar ni ne na hana. Koci ya aika a dawo da yaron. Ya zauna ya rufe fuskarsa da tawul, bai yi wa kowa magana ba har aka tashi. Mun sha kaye.

Har yau ina ganin koci ya yi daidai, ko da yake raina ya ɓaci tare da na yaron. Jijiyar gwiwar hannu idan ta tsinke sai tiyatar da ake kira da sunan Tommy John, ɗan wasan da likita Frank Jobe ya fara yi wa ita a 1974, kuma jinyarta kan ci shekara ɗaya ko fiye. Yaron da ke tsakiyar wasa ba ya iya wannan lissafi, zuciyarsa tana kan kofi. Dole a samu wani a gefe wanda ba ya jifa, ba ya bugu, aikinsa kawai ya riƙe adadi ya faɗe shi lokacin da ba a son ji. Tun daga nan, duk wurin aikin da aka damƙa mini lissafi, na kuɗi ko na sa'o'in ma'aikata, nakan faɗe shi yadda yake tun kafin a yanke shawara, ba bayan an yanke ba.

Su ma manyan sun sauya tsari. Da Texas da Oklahoma suka shiga SEC ƙungiyoyi suka zama 16, a 2025 aka mayar da gasar Hoover gaba ɗayanta sili ɗaya ƙwale, an ci ka ka tafi gida. Ƙananan rukunai da yawa kuwa suna nan a kan tsarin kaye biyu, kuma a can ne nake ganin ya fi kamata a rage wa yara wasa.