Ni Ma Da Buɗe Kwali Na Fara

Ranar Asabar na gangara Tip Toe Lane a Circle, cikin Akra, neman batir, sai na hango ɗan ƙanwata a ƙofar wani shago. Ya kafa waya, yana yanka ledar kwalin sabuwar kamara, yana zuba Turancin hanci irin na 'yan Amurka. Yaron da aka haifa a Nima, ko Kumasi sau biyu ya taɓa zuwa. Da ya gama na ce, "Kamarar wa?" Ya ce, "Kawu, aro mai shago ya ba ni. Amma tawa na tafe, Hajiya ta ce in ta ɗauki adashi za ta ba ni." Gabana ya faɗi, don kaina na gani tsaye a wurin.

A 2013 na fara, da Canon 600D ta gwanjo. Ina sharhin kamara a YouTube, da Turanci, ina kwaikwayon Turawa har yadda suke juya kwali a hannu. Lokacin dumso, wato yawan ɗauke wutar lantarki, na 2015 nakan tashi ƙarfe biyun dare in an kawo wuta don in haɗa bidiyo, saboda haka kada wani ya ce lalaci ne ya kayar da ni. Kuma wa ke wannan aiki a Zango a lokacin? Babu. Wani dole ya fara, ni ne na fara, wannan ba zan ba kowa haƙuri a kai ba.

Sai dai wa nake yi wa magana? Manyan masu sharhi na ƙasashen waje kamfanoni ke aika musu kamara tun kafin ta shiga kasuwa. Kafin ta iso Akra duniya ta gama kallonta, ni kuma in zo bayan wata uku ina karanto adadin megafiksel, kamar mai shelar ganin wata ranar uku ga Sallah. Da YouTube ya kafa sharaɗin mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a 2018 kafin a fara biyan mutum, sai na ce matsalata kayan aiki ce. Shekarar Sony A7 III ta fito, kusan dala 2,000 ba tare da lensi ba. Na sayar da fulotin da na gada a Kasoa na saya. Kamarar ba ta da laifi, har yau tana aiki. Fulotin kuwa bene ne a kansa yanzu, in na bi hanyar a torotoro nakan kau da kai.

Wannan asarata ce ni kaɗai. Abin da ke hana ni barci daban ne. Wani mai shago yana ara mini kaya, ni kuma ina saka masa da yabo. Ya ba ni wata kamara da na lura tana zafi ta mutu in an daɗe ana bidiyo, na yi shiru a kan haka. Na ce wa kaina ai a ɗaki mai sanyi ba ta yi, kuma in na faɗa wa zai sake ara mini? Wani mai hoto daga Aboabo a Kumasi ya saya a kan maganata, ta mutu masa ana tsaka da ɗaurin aure. Ya kira ni ya ce, "Malam, ban ce Allah ya isa ba, amma ka sani ko ba ka sani ba?" Na ce ban sani ba.

A 2022 dala ta tashi daga wajen sidi 6 ta haura 14, sabuwar kamara ta fi ƙarfin kowa a unguwarmu. A 2023 Amazon ta ce za ta rufe DPReview, shafin da tun 1998 yake sharhin kamara, kafin wasu su saye shi. Gemun ɗan'uwa ya kama wuta, ni kuma ko ruwan shafawa ba ni da shi. Na yi wata biyar ban ɗora komai ba.

Wani dattijo mai hoto a Mamobi ne ya fisshe ni, bai ma sani ba. Bayan Idi ya tambaye ni me ya sa in mutum ya sa farar babbar riga fuskarsa ke fitowa baƙi ƙirin. Na ce, Baba, ma'aunin hasken kamara so yake ya mai da komai tsaka-tsaki, ruwan toka. In ya ga fari ya cika hoto sai ya rage haske, fatarmu ta nutse. A auna hasken a kan fuska, ko a ƙara hasken mataki ɗaya, ko a ja mutum inuwa. Ya ce in faɗa a waya don yaransa. Na yi da Hausa, minti biyar, ba kwali ba kiɗa. Sati bai cika ba aka turo mini shi a WhatsApp daga Tamale. Daga nan tambayoyi suka yi ta zuwa: yadda laimar teku ke sa lensi ya yi fumfuna in an kulle shi a jaka, yadda ƙurar hunturu ke shiga in an canza lensi a fili, yadda ake duba adadin hotunan da kamarar gwanjo ta ɗauka kafin a biya. Shekara goma ina da amsoshin nan a kaina, ina ganin sun yi mini ƙanƙanta. Yanzu in zan gwada kamara, mahauta da masu wake da shinkafa na Sabon Zango nake ɗauka. James Barnor, shahararren mai hoton Ghana, a James Town ta Akra ya buɗe ɗakin hotonsa na Ever Young, mutanen da ke ƙofarsa ya ɗauka, ga shi har an baje hotunan a London.

Na shirya wa yaron nan shawara goma, da na zauna da shi sai suka tsaya a uku. Kada ka taɓa kuɗin uwarka. Abin da aka ara maka, faɗi aibinsa tun a minti na farko, in mai shago ya yi fushi ya yi. Sannan yi da Hausa, ka amsa tambayar maƙwabcinka. Ko da yake, gaskiya, kuɗin talla a bidiyon Hausa bai taka kara ya karya ba, aikin biki ke ciyar da ni. To koyi Turancin ma, amma na baki, ba na hanci ba. Ina cikin magana yana latsa waya. Ku yaran yanzu, abin da ya wuce daƙiƙa talatin wa'azi ne a wurinku, kuna son suna kafin ku iya riƙe kamara ba rawar hannu. Ni ma ban saurari kowa ba, amma ni ba wanda ya riga ni da zai faɗa mini.

Na ba shi tsohuwar 600D da lensi mai milimita 50, na ce ya je ya ɗauko mini kakarsa tana suyar ƙosai. Jiya ya turo hoto ɗaya: tsohuwar ta fito dishi-dishi, bangon bayanta ne ya fito tas. Adashin kuwa, ƙanwata ta ce ranar Laraba za ta ɗauka, kuma ta riga ta yi masa alkawari.