Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Mai Hoton Iska

Makon jiya na tsaya a inda Kawu ya fara barina in riƙe kyamara a gidajen suna. Masu tambayar auren Yaya ku yi haƙuri, zan zo kansa. Yau tsattsewa ce ta tsaya mini a rai.

Cikin hunturun 1994 ne. Kawu ya ɗora mini sabon fim mai 36 a tsohuwar Zenit ɗinsa, 'yar Rasha, mai nauyi kamar dutsen guga, ya tura ni wani suna. Na ɗauki 14, mai jego ta ce ya isa haka, kuɗinsu ke nan. A hanyar dawowa na bi ta gadar Gashuwa, sai ga tsattsewa sun cika sama, suna shiga ƙarƙashin gada suna fita kamar ana watsa tsakuwa. Ban san lokacin da na ɗaga kyamara ba. Kafin in dawo hayyacina sauran 22 ɗin sun tafi.

A lokacin Kano muke aika fim mai kala a wanke, ta hannun direba. Bayan mako ambulan ya dawo da hotuna 14 cif. Sauran ko bugawa masu wankin ba su yi ba, sun rubuta a baya wai sun lalace. Kawu ya zare nagatif ɗin, ya tsaya bakin ƙofar shago ya ɗaga shi sama. A nagatif sararin sama baƙi yake fitowa, tsuntsu kuma fari, to abin da ya gani ke nan: baƙi wuluk da ɗan ɗigon fari nan da can, wani ma ba ɗigon. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Abin da ke sama na Allah ne, yaro. Kai nemi na ƙasa."

Ya cire kuɗin fim daga ɗan abin da yake ba ni, wannan ban ƙi ba, haƙƙinsa ne. Abin da ya ci mini rai shi ne kai maganar majalisa da ya yi. Kafin Juma'a duk layinmu Mai Hoton Iska ake ce mini. Ranar da aka kawo mini amarya, shekara bakwai bayan nan, Gwaggo da bakinta ta gaya mata sunan, ana ta shewa. Har yau in uwargida ta so tsokana shi take ɗaukowa.

Sai daga baya na gane rabin laifin ba nawa ba ne. Iyakar saurin Zenit 1/500 na daƙiƙa, ƙaramin tsuntsu kuwa in kana son fiffikensa ya tsaya cak sai ka kai 1/2000, wani lokacin ma 1/3200. Ga saitin ido da hannu ake murɗawa. Kafin ka murɗa ta bar unguwar. Ɗaya rabin kuma nawa ne, don bin ta na yi ta yi da kyamara, alhali tsattsewa ba a bin ta, jiran ta ake yi. Ka nemi sheƙar da take komawa, ka saita ido kamar taki ɗaya kafin bakin sheƙar, ka kafe a nan, ita za ta kawo kanta.

Abin haushin, na san wannan tun ina yaro. Shekara nawa Inna tana tura mu korar jan baki a gonar shinkafa a fadama, muna jan igiya gwangwanaye na ƙara? Duk yaron da ya yi wannan aikin ya san tsuntsu iska yake fuskanta in zai sauka, haka in zai tashi. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take zuwa, da safe kuma rana tana gabas. Ka ba su baya su biyun, tsuntsu zai taho yana kallonka, haske a ƙirjinsa. Ilimin yana kaina, Kawu ya ce in nemi na ƙasa.

Kuma fa wannan Kawun ne ba ya gajiya da labarin zuwan mijin Sarauniyar Ingila Dagona a 1989 don kallon tsuntsaye, nan kusa da mu. Da alfahari yake ba da shi. Turawan da suka riƙa zuwa bayan nan da dogayen kyamarori, suna kwanciya cikin laka saboda agwagwar ruwa, ban taɓa jin ya kira ɗayansu mai hoton iska ba. Na taɓa faɗa masa haka sau ɗaya. Kwana uku bai amsa gaisuwata ba.

A 2013 na sayi Canon 7D ta hannu a Kano. Hoto takwas take ɗauka a daƙiƙa, ba fim, ba direba, ba mai rubuta maka sun lalace. Na koma gadar nan bayan asuba, safiya huɗu a jere. Na ɗauki sama da ɗari shida, na goge duka ban da uku. A ɗaya cikinsu ta buɗe fiffike kamar lauje, bakinta cike da ƙwari, idonta tar.

Na sa aka buga mini babba, na kai wa Kawu. Lokacin yanar ido ta riga ta rufe masa ido biyu, yana zaune a zaure kan buzu da carbi. Na durƙusa na ce, "Kawu, ga na saman nan na kawo maka." Ya karɓa, ya shafa takardar tun daga gefe har gefe, ya ɗan lanƙwasa kusurwa don jin kaurinta, irin yadda yake yi a shago.

Ya ce, "Nawa aka wanke maka?"

Na faɗa masa rabin kuɗin. Ya ce an cuce ni.