Kuɗin Boko Haram ba daga sama yake faɗowa ba

A shekarar 2019 wata kotu a Abu Dhabi ta ɗaure 'yan Najeriya shida bisa laifin tura wa Boko Haram dala 782,000 tsakanin 2015 da 2016. Biyu sun sha ɗaurin rai da rai, huɗu shekara goma-goma. Ba a kama su da bindiga ba, harkar canji da aika kuɗi ce ta kai su. Wannan shari'a ce ta sa mutane da yawa suka ɗauka cewa kuɗin ta'addanci daga ƙasashen waje yake zuwa cikin jaka. Yana zuwa, amma kaɗan ne idan aka gwada da wanda ake tatsa a cikin gida, daga kifi da shanu da tattasai da kuɗin fansa.

A yankin Tafkin Cadi, ISWAP, ɓangaren Boko Haram da ya ɓalle daga shugaban ƙungiyar Abubakar Shekau a 2016, yana tafiyar da harkarsa kamar ƙaramar hukuma. Masunci zai biya kuɗin izinin shiga ruwa. In ya yi bandar kifinsa ya zuba a kwali, kowane kwali da harajinsa. Makiyayi kuma ana ƙirga masa garke a cire abin da suke kira zakka, har da rasit a ba shi, don kada wani mayaƙi ya sake tare shi a gaba. Shanun da aka sato ba mayaƙa ke kai su kara ba. Dillali ake ba wa, ya cakuɗa su da na halak, ya sayar a ƙasa da farashi. Kuɗin ma sau da yawa ba ya komawa daji a matsayin kuɗi. Fetur yake komawa, da batir, da magani, da buhun shinkafa, da takin yuriya da ake haɗa bam da shi.

Kuɗin nan shi ne kuma ƙugiyar kama matasa, kuma a nan ne maganar tsattsauran ra'ayi ta haɗu da maganar aljihu. Tun zamanin Muhammad Yusuf a Maiduguri, kafin rikicin Yulin 2009, wa'azi ba shi kaɗai yake tafiya ba. Ana ba saurayi jari, ko babur ɗin acaba, ko a yi masa aure da sadaki mai sauƙi. Daga baya abin ya zama tarko sosai: a ba ɗan tireda bashi ba ruwa ba takarda, ranar da ya kasa biya a ce to ya biya da aiki, ya kai saƙo, ya leƙo inda sojoji suke, ya ajiye kaya a shagonsa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Iyaye sukan zuba ido su ga ko yaro ya fara kafirta mutane ko ya daina bin limamin unguwa salla. Wannan alama ce ta gaske, sai dai takan zo a makare. Wadda ke riga ta ita ce sabuwar waya da sabon jari waɗanda yaro ya kasa faɗin wanda ya ba shi.

Doka dai akwai ta. A Najeriya, a watan Mayun 2022 aka sa hannu kan sabuwar dokar hana ta'addanci da ta hana halatta kuɗin haram. Mutum ɗaya ba zai biya ko ya karɓi tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba sai ta banki, kamfani kuma miliyan 10. Raba kuɗin gida-gida don a kauce wa wannan iyaka shi ma laifi ne. Mai fita ko shiga ƙasa da abin da ya haura dala 10,000 dole ya bayyana wa kwastan. Banki ko ɗan canji da ya ga cinikin da bai kwanta masa ba zai kai rahoto ga NFIU, hukumar tattara bayanan sirri kan hada-hadar kuɗi, cikin awa 24, ba tare da ya tsegunta wa mai kuɗin ba, ya kuma adana takardun ciniki na shekara 5. Masu sayar da motoci da gidaje da gwal suna ƙarƙashin SCUML, sashen hukumar EFCC mai yaƙi da halatta kuɗin haram.

Inda gizo ke saƙar shi ne ƙasa, wurin mai POS da ɗan canjin bakin titi. Abin da ya kamata su lura da shi a fili yake. Asusu ɗaya yana karɓar ƙananan kuɗi daga mutum ashirin da ba su san juna ba, a kwashe su tas a yini guda. Wani ya zo da katin ATM huɗu ko biyar masu sunaye daban-daban, ya ce na 'yan'uwansa ne. Wani ya ce a karɓar masa kuɗi a asusunka zai ba ka lada, don nasa asusun wai ya sami matsala. Wannan na ƙarshen shi ya fi jefa bayin Allah cikin bala'i, domin ranar bincike BVN ɗinka ne zai fito, mai kuɗin kuwa ya daɗe da sauya layi. Littafi mai rahusa ya isa: suna, lambar waya, adadi, rana. Kwamitin masallaci ko na gidauniyar marayu shi ma haka, asusu da sunan ƙungiya ba da sunan mutum ba, sa hannun mutum biyu kafin a cire ko sisi, a karanta lissafi a bainar jama'a. Wanda ya zo neman taimakon "'yan'uwa da ke cikin wahala" ya kasa faɗin garinsu da wanda zai karɓa, a ba shi haƙuri.

Gwamnatoci kuma sun yi kuskuren da ya kamata a faɗa. A 2015 Nijar ta hana cinikin kifi da tattasai da hawa babur a jihar Diffa. A 2016 Borno ta rufe wasu kasuwannin shanu, cinikin kifin Baga ma ya daɗe a tsaye. Niyyar ita ce a toshe wa mayaƙa hanyar samu, amma an bar jaki ana dukan taiki. Manomin tattasai a bakin kogin Komadugu da masuncin da ba shi da wata sana'a su suka fara jin yunwa. Cinikin bai mutu ba, ya koma ta bayan fage, farashin cin hanci a shingaye ya tashi, wasu masunta kuma suka koma tsibiran da ISWAP ke iko da su saboda can ne kaɗai za a bar su su jefa koma. Daga baya an sassauta, bayan an yi ɓarna. Abin da ya fi rufe kasuwa amfani shi ne a tsare ƙofarta: rajistar dillalai, takardar shaidar inda dabba ta fito daga hannun mai gari ko sarkin fawa, da sarkin kasuwa da zai amsa tambaya in an ga shanun sata a kararsa.

Sai maganar gurfanarwa. A 2021 an ba da sanarwar kama ɗaruruwan mutane, da yawansu 'yan canji, bisa zargin ɗaukar nauyin ta'addanci, amma jama'a ba su ga shari'a a fili gwargwadon yawan kamen ba. Hakan na cutarwa ta fuska biyu: mai laifi bai ga abin tsoro ba, marar laifin da aka tsare kuma ya fito da ƙullin da masu wa'azin ƙiyayya ke nema. Ƙungiyar FATF, mai sa ido a duniya kan halatta kuɗin haram da ɗaukar nauyin ta'addanci, ta sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da ake sa wa ido a Fabrairun 2023, ta cire ta a Oktoban 2025 bayan gyare-gyare. An gyara takardu da ofisoshi a Abuja, amma kwalin banda da ke fitowa daga tafki har yanzu yana biyan haraji sau biyu kafin ya iso Maiduguri, ɗaya a daji, ɗaya a shinge.