Kalmar "event" da takardar rigakafin da aka buga sau biyu

Duk wanda ya daɗe yana fassara daga Turanci zuwa Hausa ya san kalmar "event" ba ta zama wuri ɗaya. A katin gayyata biki ce ko taro, shi ya sa ɗakunan da ake haya don dina a Kano da Kaduna suke ɗauke da ita a allunansu. A wasannin Olamfik kowace gasa guda ake nufi, kamar tseren mita 100, in kuwa ka gan ta cikin "in the event of fire" a bangon otal, "idan gobara ta tashi" za ka rubuta ka wuce. Waɗannan ba su taɓa ba ni wahala ba.

Wadda har yau take ci mini rai ita ce ta likitoci, wato "adverse event". An ba ni aikin fassara takardar horar da ma'aikatan rigakafi na karkara, kalmar kuwa ta cika kusan kowane shafi. A ma'anar da Hukumar Lafiya ta Duniya take amfani da ita, duk wata matsalar lafiya da ta biyo bayan rigakafi ta shiga ciki, ko allurar ce ta jawo ta ko ba ita ba ce, domin bincike ne zai tantance daga baya. Saboda haka na rubuta "matsalar lafiya da ta faru bayan rigakafi". Na yarda tana da tsawo, amma ba ta ɗora wa kowa laifi ba, kamar yadda ta Turancin ba ta ɗora ba.

Mai duba aikin ya ga jimlar ta ƙi shiga akwatin da aka tanada a fom ɗin kai rahoto da ke cikin takardar, sai ya soke ta da jan biro, ya rubuta "illar rigakafi", aka kai maɗaba'a ba tare da an tuntuɓe ni ba.

Ranar horo a wata ƙaramar cibiyar lafiya abin ya fito fili. Wata dattijuwar ma'aikaciya ta ɗaga takardar ta ce, "Malam, idan yaro ya yi jijjiga kwana biyu bayan allura, ni kuma na san zazzaɓin cizon sauro ne, ai ba illar rigakafi ba ce, to me zan rubuta?" Gaskiyarta, domin da wannan fassarar ba za ta rubuta komai ba, alhali irin wannan rahoton ne fom ɗin yake nema. Ga kuma iyaye. A Kano, jihar da aka dakatar da rigakafin shan inna daga 2003 zuwa 2004 saboda zargi, inda ba a manta da gwajin maganin sankarau na 1996 ba, uwa ta hango takardar hukuma da "illa" a samanta da manyan baƙaƙe, ai an gama ba ta hujjar ɓoye ɗanta a ƙuryar ɗaki.

Sai da aka janye takardun aka sake bugawa, horon zagaye na biyu ya ja baya, kuma a taron da aka yi a kan lamarin "kuskuren fassara" aka kira shi, ina zaune. Wannan ne ban huce da shi ba.

Yanzu ba na miƙa aikin lafiya sai da sharaɗin zan ga shafin ƙarshe kafin a buga, ina kuma rubuta dalilina a gefen duk jimlar da na tsawaita da gangan. Kalmar "illa" na keɓe ta ga "adverse reaction" da "side effect", inda ake danganta matsalar da maganin kansa. Idan aka ce mini akwatin fom ya yi kaɗan, nakan ce a faɗaɗa akwatin.