Da hoton Yaya a aljihu na shiga Kumasi

Bayan sallar asuba motarmu ta bar tashar Circle a Akra. Nsawam, Suhum da Nkawkaw duk na wuce su ina gyangyaɗi, sai a Ejisu na wartsake. Wani dattijo a unguwar Aboabo da ke Kumasi, abokin cinikin goron mahaifina, shi ne mai masaukina. Musulmi ne, ni kuwa Kirista daga Jos, kuma tun watan Satumban 2001 da aka kashe yayana a rikicin Jos, a hanyarsa ta dawowa daga addu'a, ban sake kwana a gidan Musulmi ba.

Da gari ya waye, bayan koko da ƙosai, dattijon ya ce, "Ɗana, yau Lahadi. Tashi in raka ka." Muka ratsa cunkoson kasuwar Kejetia a trotro, wato ƙaramar bas ta haya, har unguwar Adum, ya tsaya a bakin ƙofar majami'ar Ramseyer.

A nan na ji labarin mai sunan. Fritz Ramseyer ɗan mishan ne daga Suwizalan. A 1869 mayaƙan Asante suka kama shi a Anum da matarsa da jaririnsu. Jaririn ya mutu a hanya, su kuma suka zauna a tsare a Kumasi har 1874. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne dawowarsa a 1896, da ƙafarsa, garin da aka tsare shi, ya zauna cikin mutanen. Mutumin da ya binne ɗansa a bakin hanya, me ya dawo nema? Ina ganin bai ɗauki kabarin nan a matsayin ƙarshe ba. Wanda ya gaskata Almasihu ya tashi daga matattu yana binne nasa ne kamar manomi da iri, shi ya sa hannunsa ke iya sakin bashin jini. Istifanas na Littafi Mai Tsarki ma duwatsu na sauka a kansa yake roƙa wa masu jifansa gafara. Na san wannan tun ina ƙaramin yaro a makarantar Lahadi, amma ranar ce na fara jin nauyinsa. Ana waƙa da harshen Twi, ban fahimci kalma ko ɗaya ba, hawaye na zuba.

Da na fito, Alhaji na nan a inuwa yana jan carbi. Na ciro hoton na miƙa masa. Ya daɗe yana kallo.

"Baba, yayana ne."

"Allah ya ba ku haƙuri," in ji shi. "Zauna ka ba ni labarinsa."

Na zauna.