Ƙafar Baba da sanyin bana

Na raka Baba asibiti saboda faso da ya tsage masa a dunduniya, ya ƙi warkewa. Mu a gida man kaɗanya kawai muke ta shafa masa, tunda hunturu ne, kowa ma yana fama.

Likita ya ce ya rufe ido, ya ɗauko wani siririn zaren roba yana taɓa tafin ƙafarsa wuri-wuri. Wallahi har babban yatsa ya taɓa, Baba bai ji komai ba. Ashe ciwon suga ya taɓa jijiyoyin, shi ya sa ƙaya ko tsakuwa za ta shige shi bai sani ba, har ciwon ya ruɓe.

"Baba, kullum a duba ƙafa, har tsakanin yatsu. In an yi alwala a goge ta bushe sosai. Ruwan zafi kuma, a fara gwada shi da gwiwar hannu."

Sannan ya hana shi yawo ba takalmi, ko a tsakar gida ne. Mai yankan farce na bakin kasuwa ma an sallame shi, kuma wannan ce ta fi yi wa tsohon zafi, abokin hirarsa ne. Yanzu ni ne ke riƙe da abin yankan farcen duk Juma'a. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.